Maganar Da Likita Ba Ta Ji Ba

A wajen sunan ɗiyar Bilki na ji maganar da ta sa na ɗauki biro. Ina zaune a zaure, kai kuma Abba kana bakin ƙofa da abokanka, ba ka san muryarka tana shigowa ba. Wani ya tambaye ka jikina, sai ka yi dariya ka ce:

"Ai Baba sai haƙuri. Mun saya mishi babbar waya, mun samo mishi likita har cikin gida, ya ce shi sai ya hau hanya. Taurin kan tsofaffi ne kawai."

Suka taya ka dariya. Ban tanka ba, domin ranar farin ciki ce, kuma ba a tsinka ɗa a gaban abokansa. Amma tuwon sunan nan bai wuce mini ba. Idan haka kake ba da labarina ina raye, to yaya za ka ba jikokina shi bayan an binne ni? Don haka ku saurara, kai da Bilki da ƙannenku. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, ko da ba mai daɗi ba ce.

Kun san shekarar da muka baro Tafoki, kun san an kashe baffanku Sa'idu a gona. Abin da kuka sani ke nan, domin iyakar abin da na faɗa ke nan. Na yi shekara talatin da wani abu ina malamin gona, na zagaye ƙauyukan Faskari kaf a kan keke, daga baya a kan babur, ba gonar da nake tsoron shiga. Da na ajiye aiki sai muka haɗa gona da Sa'idu, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ni na goya shi. Ranar da abin ya faru da hantsi ne, muna maimai, wato noma na biyu, a gefen masara, dawar maƙwabcinmu kuma ta fi tsayin mutum. Muka ji babura. A lokacin ba wanda yake tsayawa ya ƙirga su, kowa yakan jefar da abin da ke hannunsa ne. Da yamma aka je da 'yan sintiri aka ɗauko gawar Sa'idu. Da muka dawo daga maƙabarta, matarsa Rakiya ta aiko aka kira ni, ta yi mini magana daga bayan labule.

"Yaya, kana kusa da shi?"

Na ce, "A'a. Mun rabu tun farko, kowa ya yi nashi wuri."

"Bai ce komi ba ke nan?"

Na ce, "Ban ji komi ba, Rakiya. Allah ya jiƙan shi."

Bayan kwana arba'in muka kwaso kaya muka dawo Kankara, gidan hayar nan mai ɗaki uku da kuka sani. Ni da mahaifiyarku ɗaki ɗaya, Rakiya da 'ya'yanta ɗaki ɗaya, ɗayan kuma na buhuna da duk wanda ya gudo daga ƙauye ya rasa masauki. A nan ta ƙarasa takabarta. A nan kuma ni na fara lalacewa. Idan ɗan acaɓa ya wuce ta bayan gida sai hannuna ya kama rawa har kofi ya faɗi. Barci ya ƙaurace mini. Na daina cin duk abin da aka yi da masara. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne salla: sai in kai tahiya ban san raka'a nawa na yi ba, ni da nake jan mutane salla idan liman ba ya nan. An yi mini rubutu na sha, an yi mini addu'a, kuma ban raina ko ɗaya ba, da su na rayu. Amma akwai wani abu da ya tokare mini ƙirji, wanda na san sai ya fito ta baki.

Ke Bilki ke kika fara ganewa, Allah ya yi miki albarka. Kika zo daga Katsina kika kwana biyu, kika ga yadda nake zabura, kika ce akwai likitocin da aikinsu ke nan, su zauna da mutum ya yi magana su saurara. Kika ce akwai wata a asibitin Katsina, kuma hanya biyu ce: ko in riƙa zuwa wurinta duk bayan mako biyu, ko kuma mu riƙa ganin juna ta waya. Ni ban ma buɗe baki ba aka kira Abba a Kaduna, ya yanke hukunci daga can.

"Ta waya za a yi. Hanyar Dutsin-ma ba ta biyuwa yanzu. An gama magana."

A mako na gaba ga waya a kwali, ga abin sawa a kunne. Ba wanda ya tambaye ni yadda gidan yake. Da an tambaya da na faɗa muku cewa a cikin ɗaki babu sabis ko ɗigo, wuri ɗaya ne yake kamawa a duk gidan, gindin katanga ta gabas, taku huɗu daga madafi. Tsakanina da murhu zana ce kawai. Can mahaifiyarku take shimfiɗa mini tabarma ranar Laraba bayan azahar, ta kora yara waje, ta jingina wayar da bulo. Can nake zama, ni dattijo mai furfura, ina magana da bulo, kaji suna wucewa ta gabana.

Ba zan yi wa wayar ƙarya ba. Zama uku na farko sun amfane ni. Likitar yarinya ce sa'ar Bilki, mai hankali, Baba take ce mini. Ita ta fara gaya mini cewa abin da yake damuna ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, ciwo ne da yake kama mutanen da suka ga abin da na gani. Ta koya mini yadda zan ja numfashi idan na ji babur. Na ji sanyi. Amma duk maganar da muke yi a bakin ruwa muke, ba mu shiga ba. Ita ta sani, ni ma na sani. A ƙarshen zama na uku ta ce:

"Baba, duk lokacin da muka zo gonar nan sai ka kewaye. Ba zan matsa maka ba. Ranar da ka shirya ina nan."

Na yi mako guda ina shiri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Larabar da ta zo na yi alwala, na zauna gindin katanga, na toshe kunnuwana da abin nan naku. Mahaifiyarku ta tafi barka maƙwabta. Na ɗauka Rakiya ta bi ta. Na rufe ido na fara. Na gaya mata cewa ba mu rabu ba, tare muke gudu, yana bayana. Na gaya mata na ji harbi, na ji faɗuwarsa. Na waiwaya, muka haɗa ido, yana riƙe da cinyarsa, ya ce, "Yaya, tsaya." Na gaya mata ban tsaya ba, na faɗa cikin dawa na kwanta. Wata bakwai maganar nan tana cikina, ranar ta fito, ina faɗa ina jin kamar ana zare mini ƙaya daga maƙogwaro. Da na buɗe ido sai na ga likita ta ƙura mini ido, ba ta ko ƙiftawa, bakinta a ɗan buɗe. Na ce a raina, shi ke nan, ita ma ta tsane ni. Ashe hoton ne ya tsaya. Can sai ya motsa, muryarta ta dawo a yanke-yanke.

"Baba, yi haƙuri, sabis ya ɗauke. Daga inda ka ce kuna gudu ban ƙara ji ba. Ɗan maimaita, ka ɗaga murya."

Ku da kuka yi boko, ku gaya mini, a wane littafi aka rubuta cewa mutum yana iya faɗin irin wannan magana sau biyu? Amma na faɗa. Na ɗaga murya kamar mai kiran wani a hayin rafi, domin wanda ya toshe kunne ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Na ce, "Ya ce Yaya tsaya, ban tsaya ba!" Hoton ya sake tsayawa. Abin da na ji, duk da toshewar kunnen, shi ne faɗuwar kwano a bayan zana. Na cire abin kunnen na miƙe. Rakiya ce tsaye, garin da take tankaɗe ya zube a ƙafafunta. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba tun da aka kawo ta gidanmu tana amarya, ta shige ɗaki. Wayar tana ta kira a kan bulo, ban ɗauka ba.

Kwana biyu bayan haka ta ɗaure kayanta, ta kwashi 'ya'yanta ta koma wurin danginta a Damari. Mahaifiyarku ta bi ta har tasha tana roƙo, tana tambayar laifin da aka yi mata. Abin da ta ce kawai shi ne:

"Hajiya, ke ba ki yi mini komi ba. Ki tambayi Yaya."

Ku kuma aka gaya muku zaman birni ne bai karɓe ta ba. Daga Kankara, inda aƙalla akwai jami'an tsaro, marayun ƙanena suka koma bakin daji. Wannan shi ne likita har cikin gida da kake ba abokanka labari, Abba. Maganar da na yi wata bakwai ina tattalinta, wadda aka shirya don ta ji ba ta ji ba, wadda bai kamata ta ji ta haka ba ita ta ji.

Ranar da Rakiya ta tafi na gaya wa mahaifiyarku komai. Da na gama ta ce, "To yanzu mi za ka yi, Malam?" Na ce zan tafi Katsina in zauna gaban likitar nan a ɗaki mai ƙofa. Ta ce hanya fa? Na ce hanya ta Allah ce, amma gindin katangar nan na bar shi har abada. Da Bilki ta gaya maka, Abba, a ranar ka kira ni. Ina tuna maganarmu kalma da kalma.

"Baba, wai so kake a ɗauke ka? Mu za ka bari da tashin hankali?"

Na ce, "Mutane suna bin hanyar nan kullum don sayar da barkono. Ni ba zan bi ta don lafiyata ba?"

"To a canza waya. A sa maka wani layin. Ko ka hau soro."

Na ce, "Ba waya ba ce matsalar."

Sai ka faɗi abin da yake ranka tun farko:

"Baba, ka san ɓangaren da za ka je kuwa? Can ake kai masu taɓin hankali. 'Yan Kankara suna zuwa asibitin nan kullum. In aka gan ka a layin nan mi za a ce da mu?"

Da mu! Ban manta ba. Ban ce tsoron hanyar da kake yi ƙarya ba ne, na san kana sona, kuma hanyar ta ci mutanen da suka fi ni. Da a kan hanya ka tsaya da ban riƙe ka ba. Amma ka fi son in zauna a tsakar gida ina ihu da asirina, muddin dai ba wanda zai gan ni a layi. Wayar nan ba don in warke kaɗai aka saye ta ba, har da don a ɓoye ni. Na ce maka, "Ni da na bar ɗan uwana kwance don in tsira da raina, ba zan sake ɓuya don in tsira da sunanka ba." Ba ka gane abin da nake nufi ba, domin ba ka san labarin ba. Ka kashe waya. Sallar layyar shekarar ba ka zo ba, ka aiko da rago. Mun yanka, amma ni ban ci ba.

Na hau hanya. Sai rana ta ɗaga direbobi suke tashi, su jira juna su tafi a jere. Ba mai magana a mota sai an wuce dajin da ke kan hanyar, kowa bakinsa yana motsi. Sau ɗaya aka tsayar da mu a wani ƙauye muka yi rabin yini muna jira, aka ce an tare gaba, muka juyo gida ban ga likita ba. Kada ku ɗauka jarumta ce, duk tafiya sai rigata ta jiƙe da gumi. Mahaifiyarku kuwa ba ta sa komai a bakinta sai ta ji sallamata. Wannan nauyi ni na ɗora mata, kuma na sani.

Amma ranar farko da na shiga ofishin nan, likitar ta tashi da kanta ta rufe ƙofa, ta ja kujerarta ta bar bayan tebur. Ta ba ni haƙuri a kan abin da ya faru, ta ce laifinta ne da ba ta tambaye ni inda nake zama ba kafin ta ce in ɗaga murya. Sannan na faɗa mata, a hankali, da muryar da mutum yake magana da ita. Da na gama ta yi shiru. Wannan karon na san shirun nata ne, domin ina ganin numfashinta, ina ganin yadda ta sunkuyar da kai. Ta ga hannuna yana rawa a kan gwiwa, abin da waya ba ta taɓa nuna mata ba, ta zuba mini ruwa. Ba ta ce ba ni da laifi ba, da ta faɗa ma ba zan yarda ba. Tambaya ta yi.

"Baba, mene ne a hannunka a lokacin?"

Na ce, "Ba komi. Fartanyar ma na yar."

"Su masu baburan kuma fa?"

Na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta, ta bar ni na yi har na gaji, ba wanda ya leƙo.

Abin da kake tsoro kuma ya faru, Abba, sai ka kwantar da hankalinka, ba ka yi kuskuren lissafi ba. A zuwa na uku wani ɗan unguwarmu ya gan ni zaune a benci. Kafin mako ya zagayo, ranar da liman ya yi tafiya, na miƙe zan shiga gaba kamar yadda aka saba, sai ladan ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Malam, ka huta, ba ka da lafiya." Aka tura wani. Abin haushin shi ne, lokacin da nake rikita raka'a ba wanda ya hana ni, sai da na fara neman magani sallata ta daidaita sannan aka ga ban cancanta ba. Har yau ba a sake sa ni gaba ba. Rabin mutanen sahun nan kuwa na san abin da suka gani a ƙauyukansu, na san ba sa barci. Sun zaɓi su yi shiru a kira su masu lafiya.

Bayan zuwa na shida na gaya wa likita akwai wata tafiyar da ta rage mini. Ta ce ta daɗe tana jiran in faɗa. Ranar wata kasuwa na bi motar 'yan hatsi har Sabuwa, daga nan na hau babur zuwa Damari, ni da ƙarar babur take sa ni yar da kofi. Na sami Rakiya tana sussukar gero a gidan wanta. Aka shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ta zauna nesa kaɗan, ta juya mini gefe. Muka gaisa kamar baƙi. Na fara ba ta haƙuri a kan gudun da na yi, sai ta ɗaga hannu.

"Yaya, gudu kowa ya yi. Da shi ne a gaba, ban san ko zai tsaya ba. Ba gudun ne ya kore ni ba. Na tambaye ka ranar da aka binne shi, ka ce ba ka ji komi ba. Maganar mijina ta ƙarshe ka hana ni, ka je ka ba waya."

Na ce, "Ba ita ce ta ƙarshe ba, Rakiya."

Ta juyo.

Na ce, "Ina kwance cikin dawa ina jin shi. Sau biyu ya kira ni. Daga nan bai sake kirana ba. Kalmar shahada ya kama, yana yi yana maimaitawa, da ƙarfi, har muryar ta yi ƙasa. Da ita ya cika. Na ɓoye miki ne don in na faɗa za ki san ina kusa."

Wata goma sha ɗaya matar nan tana kwana tana tashi da tambaya ɗaya, ko mijinta ya samu ya yi shahada, amsar kuma tana cikin bakina, na zauna a kanta don kare mutuncina. Wannan laifin ba na waya ba ne, ba na Abba ba ne, nawa ne. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, tana faɗin alhamdu lillahi. Da ta natsu ta tashi ta dama mini fura da hannunta. Na roƙe ta ta dawo da yaran Kankara. Ta ce:

"Na yafe maka, Yaya, duniya da lahira. Amma gidan nan ban iya komawa. In na ga katangar nan zan riƙa jin muryarka."

Har yau tana Damari. Duk lokacin da aka ce an shiga wani ƙauye a Sabuwa sai in yi ta neman labari har sai na ji lafiyarsu.

Bilki ta gaya mini ita ma ta yi irin zaman nan ta waya bayan rasuwar baffanta, kuma ya yi mata amfani. Na yarda. Tana da ɗaki nata, tana da makulli, sabis bai yanke mata magana a tsakiya ba. Ni ma yanzu da sauƙi ya samu, wani lokaci likitar takan kira mu gaisa, in gaya mata ina barci, ina cin tuwon masara. Irin wannan maganar waya tana iya ɗauka. Abin da ban yafe ba shi ne a zauna a Kaduna a yanke wa mutum inda zai buɗe cikinsa, ba a ga gidan ba, ba a tambaye shi ba, sannan a mai da shi abin dariya a bakin zaure.

Abba, na san da ka karanta wannan hannunka zai tafi aljihu. Kada ka kira ni, ba zan ɗauka ba. Motar Kankara tana tashi daga Kaduna kullum da safe. Ka zo ka zauna a gabana, ka faɗi abin da za ka faɗa ina kallon fuskarka.